Wayewar Kai a Matsayin Balagar Hankali: Ra'ayin Kant da Abin da Ya Faru a Bakin Tafkin Kainji

GABATARWA

Akwai kalmomin da yawan faɗarsu kan sa a daina tambayar ma'anarsu, kuma "wayewar kai" tana cikinsu. In aka ce wane wayayye ne, galibi abin da ake nufi shi ne ya yi boko, ko ya zauna birni, ko ya iya sa tufafin zamani. In kuwa aka ce kansa a duhu yake, to baƙauye ake nufi. Manufar wannan takarda ita ce ta fito da wata ma'anar dabam wadda masana falsafa suka ba wannan al'amari, watau cewa wayewa ita ce balagar hankali, mutum ya kai matsayin da zai yi tunani da kansa ba tare da wani ya riƙe masa linzami ba. Za mu auna wannan ra'ayi da abin da malamanmu suka tattauna a kan taƙlidi, sa'an nan mu kai shi ƙasar Yauri, inda aka taɓa tashin dubban mutane daga gidajensu saboda gina madatsar ruwa ta Kainji.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu lura da wani abu a cikin harshen kansa. Bahaushe yana cewa "kansa ya waye", kamar yadda yake cewa "gari ya waye". A nan babu wanda ya aikata aikin a kan wani. Amma yana kuma cewa "an wayar masa da kai", a nan kuwa akwai mai yi da wanda aka yi wa. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, hukuma ta fi riƙo da siga ta biyu, har "wayar da kan jama'a" ya zama sunan ma'aikata da ofisoshi. Wannan ɗan bambanci na nahawu, a ganina, shi ne jigon maganar duka.

ABIN DA KANT YA CE

A shekarar 1783 wani limamin kirista mai suna Zöllner ya rubuta maƙala a wata mujalla ta wata-wata da ake bugawa a birnin Balin, ya yi ƙorafi cewa kowa na ta ambaton wayewa, alhali ba a ga wanda ya faɗi mece ce ita ba. Masana suka amsa. Amsar da ta fi shahara ita ce ta Immanuel Kant (1724–1804), malamin falsafa a jami'ar Konigsberg ta ƙasar Furushiya, garin da yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad. An buga amsar a watan Disamba 1784, kuma 'yan shafuka ce kawai.

Kalmar da ya gina maganarsa a kanta, Unmündigkeit, asalinta kalmar shari'a ce. Tana nufin halin wanda bai isa ya yi magana da bakinsa a gaban alƙali ba, sai waliyyinsa ya yi masa. Kant ya ɗauko ta daga kotu ya ɗora ta a kan hankali. A wurinsa, yawancin mutane sun balaga a jiki, amma sun bar hankalinsu a hannun waliyyai, ba don hankalin ya gaza ba, sai don kasala da tsoro. Ya kawo misalin mai barin littafi ya fahimta a madadinsa, da mai barin limami ya zama zuciyarsa, da mai barin likita ya yanke masa abin da zai ci. Zama haka akwai daɗi, domin wahalar tunani ta hau kan wani. Su kuma waliyyan ba su cika son a kuɓuce musu ba, sai su riƙa tsorata na ƙarƙashinsu da hatsarin tafiya ba jagora, alhali kuwa wanda ya faɗi sau biyu sau uku zai koyi tafiya. Wayewa, a wannan ma'ana, ita ce fita daga wannan hali, kuma abin da take bukata ƙarfin zuciya ne, ba tarin karatu ba.

Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. A babin hajru, watau hana mutum sarrafa dukiyarsa, malamai sun raba tsakanin balaga da rushdu. Balaga ta jiki ce, tana da alamominta, in ba su bayyana ba sai a jira cikar shekara 18 bisa mashahurin zance na mazhaba. Rushdu kuwa shi ne iya tattalin dukiya. Maraya yana iya balaga amma wasiyyi ya ci gaba da riƙe masa gadonsa, saboda har yanzu safihi ne. Abin sha'awa shi ne hanyar da shari'a ta shimfiɗa ta gane rushdu, bisa abin da ya zo a farkon Suratun Nisa'i: jarrabawa. Akan ba yaron wani abu ya juya, a ga yadda zai yi. Ke nan ba a tabbatar da rushdu ta hanyar tsare mutum daga kuskure, sai ta hanyar ba shi filin da zai iya yin kuskuren. Wasiyyin da ya ƙi jarraba maraya, sa'an nan ya kafa hujja da cewa bai ga rushdunsa ba, ya zalunce shi.

Kant bai kira mutane ga tawaye ba, wannan kuwa wuri ne da masu ambatonsa kan yi tsallake. Ya raba amfani da hankali gida biyu. Akwai wanda mutum ke yi a bakin aikin da aka damƙa masa: hafsan soja ya bi umurni, mai biyan haraji ya biya, limami ya karantar da abin da majami'arsa ta ɗora masa. Akwai kuma wanda yake yi a matsayinsa na mai ilimi yana magana da jama'a baki ɗaya ta hanyar rubutu. A nan hafsan yana da damar bayyana kurakuran aikin soja, mai biyan haraji ya nuna rashin adalcin harajin. Wannan na biyu shi ne Kant ya ce tilas a sake shi, domin da wuya mutum ɗaya ya fita daga ƙuruciyar hankali shi kaɗai, amma jama'a suna iya wayar da junansu in aka bar su suka yi muhawara a fili. Ya yabi sarkinsa Firedirik na Biyu a kan ya ƙyale mutane su yi gardama muddin suna biyayya. Mai karatu yana iya zargin cewa akwai lallashin fada a cikin yabon, kuma ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Dole a faɗi wani abu guda don kada a ɗauka waliyyi muka samo daga Jamus. Kant da kansa ya rubuta maganganun raini game da baƙar fata a wani littafinsa na 1764. Daɗin daɗawa, wannan siffa ta yaro da waliyyi ita ce Turawan mulkin mallaka suka ara suka ɗora wa al'ummu sukutum, suka ce amana suke riƙe mana har mu girma. Ma'aunin da ya kawo yana da amfani, amma sai an fara auna shi da shi.

TAƘLIDI DA NAZARI A ƘASAR HAUSA

A shekarar da aka buga maƙalar Kant, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da shekara 30, ya kuwa yi wajen shekara goma yana wa'azi. Kant ya mutu a watan Fabrairu 1804, watan da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Babu wanda ya san da ɗan'uwansa a cikinsu, amma tambayar da ta dami ɗaya ta taɓa ɗayan ta wata fuska.

Malaman tauhidi sun daɗe suna saɓani a kan imanin muƙallidi, watau wanda ya gaskata don ya ji an faɗa, ba don ya san dalili ba. Littattafan Shaihu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, musamman Ummul Barahina, sun bazu a makarantun ƙasar nan, kuma sun ƙarfafa wajabcin nazari a kan kowane mukallafi. Daga nan wasu ɗalibai suka wuce gona da iri. Sai su tare talaka su tambaye shi siffofin Allah ashirin da hujjojinsu bisa tsarin ilimin kalami, in ya kasa su ce ba musulmi ba ne. Shehu ya yi tsayin daka wajen rushe wannan ra'ayi, ya yi rubuce-rubuce da yawa a kansa, ya tabbatar da cewa imanin gama-garin musulmi ingantacce ne.

Da ganin farko sai a ce ɗaliban ne 'yan wayewa, tun da su ke kiran a yi nazari, Shehu kuwa mai kare taƙlidi. Ni ban ga haka ba. Abin da ɗaliban suke nema daga manomi ba tunani ba ne, hadda ce. Sun mayar da hujja ta zama karatun da ake biyawa, suka naɗa kansu masu gadin ƙofar imani. Wannan taƙlidi ne da ya sa rigar nazari. Shehu ya ƙi yarda a mayar da jama'a marayu a hannunsu, kuma bai tsaya nan ba: ya yi wa'azi da Fulatanci da Hausa don mai sauraro ya fahimta da kansa, a cikin Nurul Albabi kuma ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta ɗora a kan haka da tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka.

Amma kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. A wurin Shehu hankali yana aiki ne a cikin iyakar wahayi, kuma wanda bai kai matsayin ijtihadi ba wajibinsa ne ya bi malami a hukunce-hukunce. Kant bai yarda da wata iyaka da ba hankalin ne ya gindaya wa kansa ba. Inda suka yi tarayya ƙunci ne, amma yana da nauyi: duka biyu sun ƙi jagoran da ke cin riba da duhun kan mabiyinsa.

GIDAJEN DA AKA GINA WA GUNGAWA

An fara ginin madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1964, da rancen Bankin Duniya, kamfanin Impregilo na Italiya ne kuma ya yi aikin. A 1968 aka tare ruwa, tafki ya kwanta mai faɗin fiye da murabba'in kilomita dubu ɗaya, ya miƙe daga madatsar har zuwa wajen Yelwa. Ya cinye tsohon garin Busa, ya cinye yawancin gungunan da ke tsakiyar kogi. Mutum fiye da dubu arba'in aka tasa daga ƙauyuka sama da ɗari biyu na ƙasashen Yauri da Bargu. A ɓangaren Yauri, zamanin Sarki Muhammadu Tukur ne, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne Gungawa, masu kiran kansu Reshe, tare da Kambari da Lopawa da Shangawa da Hausawan bakin ruwa.

Mu dubi irin sanin da waɗannan mutane ke da shi kafin zuwan injiniya. Kwara a wannan yanki tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina ɗauke da laka daga ruwan saman da aka yi kusa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni a hanya, ya zubar da lakarsa a fadamun Mali, ya iso nan garau a cikin hunturu. Bagunge ya san lokacin kowanne, ya san inda kifi ke bi, ya san gaɓar da za ta yi albasa. Noman albasa na rani da ban ruwa da hannu sana'arsu ce tun kafin a kafa ma'aikatar gona, albasar Yauri kuwa ta yi suna a kasuwannin nesa. Wanda ke lissafin ambaliya biyu, yana haɗa noma da su da fatauci a cikin kwalekwale, ba za a ce hankalinsa bai balaga ba. Duk da haka, a idon masu tsara aikin, shi ne wanda za a wayar.

Da fari an gwada biyan diyya da kuɗi don kowa ya gina nasa. Da aka ga abin ba ya sauri, ga ruwa na tafe, sai Hukumar Madatsun Kwara ta ɗauki ginin a kanta. Aka ɗauko wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, ya tsara Sabuwar Busa da sababbin ƙauyukan. A yi masa adalci: ya dubi fasalin gidajen gargajiya, ya yi ƙoƙarin kwaikwayonsu. Sai dai da bulon siminti aka yi su, aka rufa da kwanon asbestos. Ɗakin laka da jinka, in ya tsage mai shi ya kwaɓa ƙasa ya liƙe, in iyali sun ƙaru ya ƙara wani a gefe, in ciyawa ta ruɓe ya yanko sabuwa. Kwanon asbestos in ya fashe babu abin da ke cikin daji ko bakin kogi da zai gyara shi. Watau an ba mutum gida, an karɓe masa ikon gyaran gidan. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a nan mai ɗakin ya san wurin yoyon, amma maganin yana hannun wani.

A nan ne ra'ayin Kant ya gaza, a nan ne kuma ya yi amfani. Ya gaza domin ya ɗora laifin ƙuruciyar hankali a kan mai ita, ya ce kasala ce da tsoro. Mutanen gungu ba su miƙa wuyansu don kasala ba, ruwa ne ya zo da takardar gwamnati. Akwai hajrun da mutum ya jawo wa kansa, akwai wanda aka ɗora masa, kuma malamin Konigsberg bai ba na biyun haƙƙinsa ba. Ya yi amfani kuwa domin abin da ya biyo baya ya gaskata zancensa cewa mai faɗuwa shi ke koyon tafiya. Mutane suka gina ɗakunan laka da rumbuna a jikin na siminti, waɗansu suka bar inda aka ajiye su suka koma inda ƙasa ko ruwa ya fi musu. Suka lura da cewa tafkin yana janyewa kowace shekara ya bar ƙasa mai danshi, suka mai da ita gona. Masunta suka koyi kamun kifin ruwa mai faɗi da igiyar ruwa, wanda ba irin na kogi ba ne, Sarkawa da wasu masunta kuma suka kwararo daga nesa. Daga baya injin ban ruwa ya shigo, masu albasa suka karɓe shi don sun auna sun ga riba. Ba a koya musu wannan a wani taron wayar da kai ba.

Wani zai ce, ai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ƙasa na bukatar lantarki, kuma ba a tambayar masunci yadda za a kafa injin wuta. Wannan gaskiya ne, Kant ma bai ce kowa ya zama likitan kansa ba. Tunani da kai ba shi ne ƙin jin maganar masani ba, shi ne sanin inda iyakar saninsa take, da neman dalilinsa a inda abin ya shafe ka. Injiniya babba ne a kan ƙarfin siminti. A kan inda rumbu zai zauna a cikin gida, ko nisan ƙauye da mashigin jirgi, shi ne yaron. Kuskuren waliyyai na kowane zamani shi ne su ɗauka girman da suke da shi a fanni ɗaya ya ba su girma a kowane fanni.

Sauran abin da ya rage shi ne wancan amfani da hankali na fili, wanda Kant ya ce da shi jama'a ke wayar da juna. Shi ya takaita shi ga masu rubutu da karatu, wanda hakan zai fitar da yawancin waɗanda aka tasa a 1968. Amma a ƙasar Hausa fili ba takarda kaɗai ba ne, akwai fada, da dandali, da bakin kasuwa, da rediyo. Ta waɗannan hanyoyi ne kukan yankunan madatsu ya yi ta fita, cewa wutar da aka tashe su dominta ta wuce ta kansu zuwa manyan birane, ambaliya kuwa ta zauna tare da su. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, ba ta kuwa kama aiki sosai ba sai bayan wajen shekara goma. Tsakanin cikar tafki da wannan doka shekara 42 ne.

Ta fuskar rubutu ma yankin bai yi shiru ba. A shekarar da ruwa ya rufe gungunan, 1968, wani ɗan Ngaski, Mahdi Adamu, ya kammala kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan tarihin Yauri a ƙarni na 19. A 1978 ya fitar da littafinsa a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Kafin irinsu, wanda ke son labarin Yauri a rubuce sai ya nemi abin da matafiya irin su Richard Lander, wanda ya zo a 1830, da jami'an mulkin mallaka suka bari. Al'umma ta karɓi alƙalamin tarihinta daga hannun baƙo, wannan ma fita ce daga hajru.

Akwai wurin da maganar ta fi tsanani, domin a nan rai ne a ciki. Tafkin ya mai da jirgin ruwa hanyar kasuwa ga ƙauyuka da yawa. A watan Mayu 2021 wani jirgi da ya nufo Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutane fiye da ɗari a cikinsa, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma lodin da ya wuce kima yana cikin dalilan da hukumomi suka ambata. A kowane mashigi akan sami fasinjan da ya ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ya san abin da idonsa ya gani, amma ya dubi sauran jama'a ya ga ba wanda ya motsa, ya ji kunyar a ce masa matsoraci ko mai ƙarancin tawakkali, sai ya zauna. A wannan wuri zargin da Kant ya yi na tsoro ya faɗa daidai. Sai dai in jirgin nan shi kaɗai ne zai tashi ran kasuwa, kuma albasar da ke cikin buhu ba za ta jira mako mai zuwa ba, to saukar mutum ɗaya ba za ta hana jirgin tashi ba, ba kuwa za ta kai shi kasuwa ba. Abin da zai rage lodi shi ne masu jirage da fasinjoji da sarakunan ruwa da hukumar hanyoyin ruwa su zauna a fili su yanke adadin da kowane jirgi zai ɗauka, a rubuta shi a jikin jirgin inda kowa zai gani, yadda mai ƙin shiga zai sami abin nunawa da yatsa.